Hayaƙin Bandar Umara

Fanna ta bar ƙauyensu tun tana 'yar sakandare, kuma duk shekarun da ta yi a Kano babu wanda ya taɓa tambayarta takamaiman aikin da take yi. An dai san tana jami'a, tana sa farar riga, ana ce mata Dakta amma ba ta duba marasa lafiya. Ƙauyen nasu yana bakin fadama ne, gabas da Haɗeja ta hanyar Baturiya, kuma kusan kowane gida da kifi yake ci yake sha. A kama, a banda, a ɗura a kwali a kai kasuwa, fataken kudu su loda su tafi. Mahaifinta mai banda ne har ya koma ga Allah. Yayanta Umara shi ya gaji murhunan, shi ya gaji ɗawainiyar gidan, har da ta karatunta.

Ciwon da ya kashe mahaifinsu shi ya kai ta inda take. Ya daɗe yana zubar da jini ana cewa basir ne, ana jiƙa masa saiwa da sassaƙe, sai da cikinsa ya kumbura bayan gida ya ɗauke masa sannan aka kai shi asibiti. Likita ya ce dajin hanji ne, kuma an makara. Tun daga nan Fanna ta ƙudurta sai ta san abin da ke sa naman mutum ya juya ya cinye mai shi.

A ɗakin gwajinsu suna kiwon ƙwayoyin dajin hanji a cikin 'yan farantan roba, cikin wani ruwa ja-ja, a akwati mai ɗumin jikin mutum. Kowace ƙwaya tana ɗauke da dubban umarnin halitta da mutum ya gada daga iyaye, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. Akwai wasu sinadaran jiki da ake kira furotin, waɗanda aikinsu shi ne su je su zauna a kan umarni, su kunna shi ko su kashe shi. Ɗaya daga cikinsu Fanna ta sa wa ido. Yana kwance ne a gefe bai damu da kowa ba, har sai wani sinadari irin na hayaƙi ya taɓa shi, sai ya miƙe ya shige tsakiyar ƙwayar ya kunna jerin umarni. Abin da take son ganowa shi ne waɗanne yake kunnawa a ƙwayar da ta riga ta zama daji, kuma ko hakan yana ƙara mata saurin yaɗuwa.

Da ta je gida hutun Babbar Sallah ta zaga wurin bandar Umara, sai ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Itace ya yi wuya, wanda ake samu ma jiƙaƙƙe ne, don haka a murhunan baya, waɗanda aka kewaye da zana, ana cusa leda da tsofaffin silifa da yankakkiyar taya don wuta ta kama. Hayaƙin baƙi ne wuluk, kifin yana fitowa da sheƙi, mai saye ya ga kamar ya fi gasuwa. Na gaba kuwa busasshen itace ake sa musu. Da za ta koma Umara ya ce a ɗura mata tarwaɗa tsaraba, sai ta ce a haɗa mata daga murhun gaba da na baya, kowanne kwalinsa daban. Ya yi dariya ya ce mutanen birni da iyayi. Ba ta gaya masa abin da za ta yi da shi ba. Ta gaya wa kanta cewa in ta samu sakamako za ta kira shi su yi magana su biyu.

Ta kankare baƙin fatar kifin, ta tace abin da ke cikinsa, ta ɗiga wa ƙwayoyinta. Na itace bai tayar da furotin ɗin sosai ba. Na leda kuwa ya tashe shi tsaye, ya kunna umarnin da take zargi, ƙwayoyin suka riƙa cika faranti da wuri. Ta maimaita, ta sake maimaitawa, abu ɗaya take gani. Ba ta kira Umara ba, kullum tana cewa sai ta ƙara tabbatarwa. Sai aka yi taron masana a Kano ta gabatar da aikin.

A bakin ɗakin taron wani matashi mai suna Abdulfattah, mai shafin labarai a waya, ya tare ta da kyamara. Ya ce shi ma ɗan Haɗeja ne, ta taimaka ta yi wa 'yan gida bayani da Hausa. Ta yi, ta kuma tsawaita. Ta ce a faranti ne, ba a jikin mutum ba. Ta ce ba kowane kifi ba. Ta ce da sauran bincike a gaba. Washegari bidiyon ya fita an datse duk wannan, an bar fuskarta da jimla guda, an rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa likita 'yar Haɗeja ta gano kifin banda yana kawo dajin hanji. Kafin ta samu lambarsa abin ya zaga ko'ina. Da ta same shi ya ce ai mutane ba sa kallon dogon bidiyo, ya kashe wayar.

Ran kasuwa ta gaba wasu fatake suka ƙi lodi, waɗanda suka loda suka taya yadda suka ga dama. Kifin ƙauyen su Fanna ya dawo a kwalayensa, ga damina, ya fara funfuna. Umara bai kira ta ba. Matarsa Ma'u ce ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce Bulama, mai garinsu, ya ce a gaya mata ta zo.

Daga tashar Haɗeja ta hau acaɓa har inda hanya ta nutse, sauran tafiyar sai a kwalekwale, ta tsakanin ciyawar kacala da ta toshe rabin ruwan. Mai tuƙin ajinsu ɗaya a firamare, amma da ta gaishe shi da sunansa kallon ruwa ya yi. Da suka yi nisa wani daga cikin fasinjojin ya ciro waya ya kunna bidiyon, ya ƙure murya. Ta ji kanta tana faɗin jimlar nan, ya ƙare ya sake kunnawa.  Wata mata da ke kusa da ita ta janye ƙwaryarta ta ɗora a cinya.

Ta tarar da Inna, mahaifiyarsu, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Kin zo," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Na zo, Inna. Abin da suke yaɗawa ba haka na faɗa ba."

"Ni ban san yadda kika faɗa ba. Na dai san jiya na je gidan suna, na zauna, aka watse aka bar ni da tabarma. Yayanki yana wurin aikinsa, ki je ki same shi."

Murhunan duk a kashe suke in ban da guda. Umara yana zaune a kan kifaffen turmi yana jera ƙurungu a kan ragar waya. Abu na farko da ta lura da shi shi ne rigarsa ta yi masa yawa, kuma idanunsa sun yi fari fat. Ta ce a ranta ɓacin rai ne da rashin barci.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Wane kifi kika gwada?"

Ta mayar da idonta kan murhun.

"Tambayarki nake. Kifin kasuwa kika saya, ko wanda na ba ki da hannuna?"

"Wanda ka ba ni ne."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jera kifinsa. "Na ce su zaɓa miki manya. Na ce kada a sa miki mai fashe ciki, Dakta ce za ta ci. Ashe guba kika je nema a ciki."

"Na yi kuskure da ban gaya maka ba. Amma Yaya, ledar nan da kuke sawa a murhun baya, abin da na gani ba ƙarami ba ne. Akwai wani abu a cikin ƙwayar hanji mai kama da mai gadin ƙofar kanal ɗin ban-ruwa, shi ke buɗewa shi ke rufewa. Hayaƙin leda yana sa shi ya buɗe abin da ya kamata ya zauna a rufe."

"Kin taɓa ganin mai gadin nan da idonki?"

"Ana ganin alamarsa da na'ura."

"Alamarsa." Ya ajiye kifin ya dube ta a karon farko. "Ni abin da na gani da idona zan gaya miki. Na ga mutanen da muka tashi tare suna zubar da kifinsu a rami. Na ga yaran da ke min aiki na sallame su. Hayaƙin nan da kike ƙyama, shi na shaƙa tun ina yaro har kika zama abin da kika zama. Yanzu kin ƙoshi, kin dawo kina toshe hanci."

"Ban ƙyamace ka ba. Ciwon da ya kashe Baba nake bi."

"Kada ki sa Baba a cikin maganar nan. Ranar da ya cika kina makaranta kina jarrabawa. Ni na riƙe shi." Ya miƙe, ya ɗan dafa gefen murhu kafin ya daidaita. "Gobe da hantsi za a zauna a ƙofar Bulama. Za ki tsaya a gaban waya ki ce ƙarya kika yi, ko kuskure, duk wanda ya fi miki sauƙin faɗa. Ki gama ki koma inda kika fito."

Washegari ƙofar gidan Bulama ta cika. Masunta da masu banda sun zauna a tabarmi a ƙarƙashin tsamiya, mata suna leƙe ta saman danga. An ajiye wa Fanna kujerar roba a tsakiya, a rana. Sarkin Ruwa, wani dattijo mai ido ɗaya wanda abokin mahaifinta ne, shi ya yi magana a madadin jama'a. Ya ce kakanninsu da kifin banda suka rayu har suka tsufa suka rasa haƙori, ba su ji ya kashe kowa ba sai da 'yar cikinsu ta yi boko. Wani ya ce ai biyanta aka yi, masu shigo da kifin ƙanƙara ne suka sa ta. Wani ya ce ko suna take nema. Ta bar su suka gama.

"Bidiyon da kuka gani an yanke shi," ta ce. "Ban ce kifin banda yana kawo daji ba, kuma a shirye nake in sake faɗa a gaban kowace waya. Amma ba zan ce ƙarya na yi ba, don ban yi ba."

"To me kika gani?" in ji Sarkin Ruwa.

Tun a hanya ta san tambayar nan za ta zo, kuma ta san amsar da za ta wanke garin ita ce za ta kayar da mutum ɗaya. Ta nemi Umara da ido. Yana can gefe ya jingina da jikin tsamiya, ya harɗe hannuwa, bai yi mata wata alama ba.

"Kifi iri biyu na gwada. Wanda aka banda da itace ban ga abin tsoro a cikinsa ba. Wanda ya tayar min da hankali shi ne wanda aka banda da leda da roba. Shi ma a faranti na gani, ban ce ya sa wa wani ciwo ba."

 Ta san rabin mutanen da ke zaune suna da irin wannan murhu a bayan zana, ta kuma ga yadda wasu suka sunkuyar da kai.

"Ashe ba kifinmu ba ne, kifin wani ne," in ji Sarkin Ruwa a hankali. "Na wa?"

"Wannan ba zan faɗa ba."

"Ba sai ta faɗa ba," wani ya ce daga baya. "Ni na ɗora mata kwalaye biyu a kwalekwale bayan Sallah. Daga bandar yayanta aka ɗauko su."

Nan take taron ya juya. Mutanen da suka zo don su ci mata mutunci suka samu wanda ya fi kusa. Wani maƙwabcinsu, wanda ita da kanta ta taɓa ganin tarin tsofaffin silifa a bayan murhunsa, shi ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa dama ya daɗe yana jin warin roba daga wajen Umara. Aka ce mutum ɗaya ya jawo wa gari masifa saboda ƙyashin sayen itace. Fanna ta miƙe ta ce ba shi kaɗai ba ne, kowa ya san haka, amma babu mai sauraronta. Bulama ya yanke cewa daga yau duk wanda aka kama da leda a murhu za a hana kifinsa hawa kwalekwale, Umara kuma ya dakata da banda har ruwa ya janye. Aka sa ta ta maimaita bayaninta a gaban waya, wannan karon ba a yanke komai ba.

Umara ya ci gaba da jingina da tsamiyar har aka gama. Da aka shafa fatiha ya zo wucewa ta gabanta ya tsaya.

"Kin wanke garin," ya ce. "Allah ya ba ki lada."

Da la'asar tana haɗa jakarta a ɗakin Inna sai Ma'u ta shigo ta saki labule. 

"Dakta, in ya ji na gaya miki, aurena ne. Tun kafin azumi yake zubar da jini. Wani lokaci ya yi kwanaki bai zaga ba, wani lokaci kuma gudawa. Abinci sai ya taɓa ya ture. Ya ce basir ne, yana shan jiƙo."

Fanna ta zauna a bakin gado. Rigar da ta yi masa yawa, farin idon, dafa murhun da ya yi, duk ta gani jiya ta kawar da kai.

Ta sami Umara a zaure shi kaɗai, yana kwance a tabarma ya juya wa ƙofa baya. Ba ta ambaci Ma'u ba. Ta ce ta lura da ramarsa, ta ce irin ciwon Baba yana bin jini a wasu gidaje, ta ce akwai gwajin da ake yi a Kano da na'ura mai kyamara, in an gano da wuri ana yankewa mutum ya warke.

Ya tashi zaune. "Wato bai ishe ki ba. Kin ce kifina guba ne, yanzu kina so ki nuna wa duniya ga shi ya kama mai shi."

"Ban ce kifin ne ya sa maka ba. Ban sani ba, kuma babu wanda zai iya cewa ya sani. Baba bai taɓa sa leda a wuta ba, ga shi ya yi ciwon. Ni dai so nake a duba ka."

"A duba ni, a yanko ni, a kai miki ki sa a farantinki. Sai ki sake zuwa taro."

"Yaya, don Allah."

"Tashi ki fita. In kin zo gaida Inna ki gaishe ta, ba zan hana ki uwarki ba. Amma ni ki cire ni daga cikin mutanen da kika sani."

Ta koma Kano. Sabon bidiyon bai yi farin jinin na farko ba, amma ya isa inda ake buƙata, fatake suka dawo da kaɗan-kaɗan. Ta kira Umara ya ƙi ɗauka, daga baya ta gane ya toshe lambarta. Ta roƙi Inna ta sa baki, Inna ta ce ta yi magana ya ce lafiyarsa ƙalau, ita kuma ba za ta ɗaure ƙato ta kai shi asibiti ba. Ta aika wa Sarkin Ruwa saƙo, ya ce shi ba ya shiga tsakanin wa da ƙanwa. A ɗakin gwaji aikinta yana tafiya fiye da yadda ta zata. Ta gano cewa in aka toshe furotin ɗin da wani magani, ƙwayoyin suna rage gudu ko da an ɗiga musu ruwan hayaƙin. Abokan aikinta suna taya ta murna, ita kuwa in ta leƙa faranti yayanta take tunawa.

Ruwa ya janye, aka yanke shinkafa, hanya ta buɗe. Wata safiya Ma'u ta kira tana kuka. Cikin Umara ya kumbura, yana amai, komai ya tsaya. An kai shi Haɗeja sun ce a wuce Kano, suna hanya.

Fanna ta riga su isa asibitin. Ta nemo likitan tiyata da ta sani, ta tsaya aka tanadi jini da gado. Da aka sauko da Umara daga mota da ƙyar ta gane shi, fuskar ta zama ta mahaifinsu sak. Ya buɗe ido ya gan ta a tsaye kusa da keken da za a tura shi.

"Wa ya kira ta?"

Ma'u ta kawar da kai gefe.

"In tana nan ba za a taɓa ni ba," ya ce wa likitan. "Ku mayar da ni gida."

Likitan ya dube ta. Ta ja da baya, ta fita baranda ta zauna a benci tare da 'yan jinyar da ba ta sani ba. Daga nan ta ga an wuce da shi ɗakin tiyata, daga nan ta ga an dawo da shi bayan azahar.

Likitan ya same ta a wurin. Ya ce daji ne, ƙarin da ya tsiro ya toshe hanjin gaba ɗaya, sun yanke shi da abin da ke kewaye, sun fito masa da hanji ta gefen ciki, zai riƙa amfani da jakar da ake mannawa. Hanta ba ta nuna alamar ciwon ya yaɗu ba, amma sai an yi masa ƙarin magani na watanni. Da ya zo da wuri, in ji shi, da ba a kai ga haka ba. Sai ya ƙara da cewa:

"Akwai wani abu kuma. Kin san muna tambayar kowane majinyaci ko ya yarda a ajiye ɗan yanki don bincike. Na tambaye shi kafin mu shiga. Ya ce wane ɗakin gwaji ake kaiwa, na gaya masa. Ya ce a ɗebi abin da za a auna don maganinsa kawai, sauran a ba matarsa ta kai gida a binne. Ya sa na maimaita masa sau biyu."

"Haƙƙinsa ne," in ji Fanna.

Ta san irin wannan naman shi ne abin da aikinta ya rasa. Ƙwayoyin da take kiwo duk daga ƙasashen waje aka sayo su, na mutanen da ba su taɓa shaƙar hayaƙin banda ba. Tunanin ya zo mata kafin ta iya tare shi, ta ji kunyar kanta har ta kasa kallon likitan.

Duk kwanakin da Umara ya yi a kwance ba ta taka ɗakin ba. Takan zo da abinci da safe ta ba Ma'u a baranda, Ma'u ta juye a kwanonta ta shiga da shi a matsayin na wata 'yar uwarta da ke Fagge. A barandar ta koya wa Ma'u yadda ake yanka bakin jakar daidai da faɗin hanjin, da yadda ake wanke fatar a bar ta ta bushe kafin a manna sabuwa. Ta gaya mata in yaransu sun girma lallai a duba su tun kafin su ji komai. Ita ma a makon nan ta je aka yi mata gwajin kyamarar, aka samu wani ɗan tsiro ƙarami aka cire shi nan take. Ba ta gaya wa kowa a gida ba sai Inna, Inna kuma ta ce mata a waya Allah ya tsare gaba.

Ranar da aka sallame shi Fanna ta kawo mota har bakin ɗakin. Ya fito yana dafe da kafaɗar Ma'u, ya ga motar, ya gan ta, ya ce a tsayar masa da adaidaita ta kai su tashar Haɗeja. Haka aka yi. Ta tsaya tana kallo suna lallaɓa shi ya shiga, yana kare gefen cikinsa da hannu.

Ya yi ta zuwa Kano karɓar magani har ya gama, ba ta taɓa sanin ranar zuwansa ba sai bayan ya koma. Bai sake banda ba. Ya sayar da murhunan ya buɗe ɗan teburin kayan masarufi a ƙofar gida. A garin kuwa an ci gaba da sa leda a wuta, sai dai yanzu an ƙara wa zana tsawo.

Da aikinta ya fito a mujallar masana ba ta yi hira da kowa ba. Ƙaramar Sallah ta je gida. Ta sami Umara a bakin teburinsa, ya ɗan yi ƙiba, yana auna wa wata mata sukari. Ta jira har matar ta tafi, ta durƙusa.

"Barka da Sallah, Yaya. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi," ya ce, yana ɗaure bakin buhun sukarin. "Inna tana ciki."

Ta ɗan ƙara jira ko zai ce wani abu. Ya juya ya kira maƙwabcinsa yana tambayarsa ko an ga motar kaya ta shigo. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta shiga wurin Inna.